Kifin da Ke Cikin Wayar Inna

Kafin ladanin unguwarmu ya sauke kiran assalatu ranar Asabar ɗin da ta wuce, na riga na ɗaure kayana na ajiye a bakin ƙofa. Muna idar da sallah maigida ya raka mu titi, ni da yayata, ya tsayar mana da adaidaita daga Takur zuwa tashar Dutse. Ƙauyenmu muka nufa, can hayin kogi bayan Ringim, wurin mahaifiyarmu. Ba biki ake yi ba, ba suna ba, ba kuma gaisuwar rasuwa ba. Kifi ne ya tashe mu. Ku yi haƙuri 'yan'uwa, labarin yau da zafi a cikinsa, don har yanzu da nake wannan rubutu raina bai gama hucewa ba.

Bari in fara daga tushe. Autanmu ya yi karatun gyaran injuna, ya gama shekara uku ke nan, aiki bai samu ba. Da zaman ya yi yawa Inna ta sayar da saniyarta ta saya masa babur, yake acaɓa tsakanin Ringim da ƙauyukan gefenta. Watan jiya Allah Ya buɗa masa ƙofa, aka ɗauke shi aikin kula da injin wani jirgin ruwa a Ikko. Aka ce ya bayyana ranar Alhamis ɗin nan, in bai zo ba a ba wani. Inna ta yi murna har da toya waina ta raba sadaka.

Bayan kwana biyu sai ga wani bidiyo ya faɗo cikin zauren waya na danginmu. Wani Bature ne yake wanka a teku, a wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba, wani ƙaton kifi da ake kira shak ya kama masa ƙafa. Ruwa ya yi ja, mata suna ihu, an ɗora wani kiɗa mai tsinka zuciya a kai. Inna ba ta yi boko ba, amma ta iya danna duk abin da ya shigo wayar da muka saya mata don jin muryar jikoki. Ta danna. Ta kalla, ta sake kalla, ta ce Auta ba ya zuwa ko'ina. Shi kuma ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai da albarkarta. Ranar da muka tashi, kwana biyar suka rage.

Wadda ta tura bidiyon kuwa ita ce zaune kusa da ni a adaidaita tana gyara mayafi.

"Ni fa don a yi hattara na tura," in ji ta.

"Hattara da me, Yaya? A randar gidanmu kifin yake kwana?"

"Ke dai kin fiye baki. Ai ba ni na haɗa shi ba, turo min aka yi."

Na ce mata ai kowa turo masa aka yi. Ta juya min ƙeya har muka isa tasha.

Motar da ke kan layi irin ƙananan nan ce da aka yi don mutum biyar. Mu takwas ne a ciki har da direba. Huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, wani dattijo siriri kuma aka cusa shi a gefen direba suna raba kujera ɗaya, ƙafarsa na gogar giya. But ɗin a buɗe, an danna masa buhunan masara an ja da igiya. Gilashin gaba ya tsage kamar yanar gizo. Na nemi bel ɗin ɗaurewa, sai na ga da shi aka ɗaure ƙofar ɓangarena don kada ta buɗe. Kuɗin mota kuwa ya kusa ninka abin da na biya bara, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Muka yi bismillah muka kama hanya.

Gaskiya hanyar ta yi kyau a wannan lokaci na ƙarshen damina. Muna barin duwatsun Dutse da itatuwan dabino a baya, sai gonaki suka buɗe hagu da dama. Gero ya nuna ya sunkuyar da kai, dawa ta fara ja, riɗi an yanke an jingina shi tsaye yana shan rana. Wajen Shuwarin mata sun fito da tallan gyaɗa ɗanya da masara gasasshiya. Na yi tasbihi a zuciyata, na ce yau da ba don abin da ke raina ba da na ji daɗin tafiyar nan.

Ba mu kai Kiyawa ba direba ya kunna rediyo. Me za a ji? Wani shirin safe ne, wai maganar kifin nan ake yi. Mai gabatarwa yana jan murya yana kwatanta haƙoransa, masu kira suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna neman tsari. Wani ya kira daga wani ƙauye da na san ko tafki babu a cikinsa, yana cewa shi tun da ya gani bai iya barci ba. Raina ya ɓaci. A layinmu kaɗai, cikin daminar nan, yara biyu muka yi wa wanka muka sa a likkafani saboda zazzaɓin cizon sauro. Ɗaya 'yar maƙwabciyata ce, shekararta huɗu, ni na yi mata kitson sallah. Ban ji an buɗe layi a kira a yi maganarta ba. Ba a sa mata kiɗa ba. Uwarta ce kawai har yau take ajiye ƙaramin kofinta a kan taga.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne bayan mun wuce Kiyawa. Wani matashi a kujerar gaba ya zaro waya ya ce ai yana da bidiyon. Aka yi ta miƙa wa juna ana salati. Can sai dattijon nan ya karɓa ya kanga wa direba a kan sitiyari.

"Direba, kai ma ga rabonka."

Wallahi direba ya sauke ido yana kallo, hannu ɗaya a sitiyari, mota tana gudu, ga tirela tana tahowa. Yana girgiza kai yana cewa, "Kai, teku ba wurin zuwa ba ne."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Malam, don girman Allah ka dubi gabanka! Mu ne a bakin kifin yanzu!"

Aka kwashe da dariya, har da Yaya. Direba ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Shekarata goma sha biyu a hanyar nan, ko ido a rufe na san ramukanta." Na kama karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

A Jahun muka tsaya shan mai. Ba gidan mai ba, wurin ɗan bumburutu. Ya jera jarkokinsa a kan benci, taku uku tsakaninsa da wata mata da ke suyar awara, wuta tana ci bal-bal. Yana tsiyaya mai a mazurari yana hira da ita. Na sayi awarar, ba zan ɓoye muku ba, ta yi daɗi, da yaji mai tafarnuwa, amma can nesa na koma na ci. Yaya ta sayi fura da nono wurin wata Bafulatana mai fara'a, ta miƙo min ludayi. Da haka muka shirya.

Gujungu ta cika ta batse don gobe kasuwa. Manyan motoci ɗauke da shanu, mutane zaune a saman ƙarafunan suna lilo da ƙafa. Gaba kaɗan, a gefen titi, ga gawar wata mota da ta ƙone ƙurmus, ta lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka, awaki sun samu inuwa a cikinta. Mota irin tamu ce sak. Na duba fuskokin 'yan motarmu. Ba wanda ya waiwaya. Har lokacin gardama suke ko kifin yana iya haɗiye mutum ɗungurungum.

Da hantsi muka shiga Ringim. Kasuwar bakin tasha ta cika da tumatir da tattasai da albasa, ga ƙamshin kifin banda ko'ina. Mun yi da Auta zai zo ya kai mu bakin kogi, sai ya aiko da saƙo wai babur ɗin ya samu matsala, mu hau wani, zai same mu a gida da azahar. Ban kawo komai a raina ba.

Kogi ya kawo ruwa sosai bana. Kwalekwalen da ke fito guda ɗaya ne, kuma mai shi ba ya tashi sai ya cika. Cikar tasa kuwa ita ce mutum wajen ashirin, babura biyu, buhunan taki, da wani rago da ya ƙi zama. Da muka tashi na sa hannu na auna: yatsu huɗu ne tsakanin bakin jirgin da ruwa. Wani bawan Allah yana tsakiya da rabin jarka yana kwarfe ruwan da ke shigowa ta ƙasa. Rigar hana nutsewa ko ta gani babu. Yaya ta damƙe min cinya har sai da na ji farcenta. Na raɗa mata, "Yaya, ɗauki bidiyo mana ki tura, don a yi hattara." Ta ce in Allah Ya fitar da mu za ta yi maganina.

Mun samu Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame. Idonta ya faɗa, irin na wanda ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Wayar tana gefenta a kan tabarma, a kife, ta ɗora mata faifai kamar mai rufe abin da zai iya fita. Duk faɗan da na ƙullo tun daga Dutse sai ya narke. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, muka sha ruwa. Sai da ta gama ta ce, ba tare da ta dube mu ba, "In maganar yaron nan ce ta kawo ku, kun sha hanya a banza."

Na lallaɓa. Na ce Inna, a cikin jirgi zai yi aiki, can ƙasa wurin inji, ba wanka zai je yi ba. Na ce mutanen da ke shiga teku kullum ba su ƙirguwa, wanda kifin nan ya taɓa kuwa saboda ƙarancinsa ne ma ake yaɗa shi duniya ta gani. Ta bar ni na gama.

"Kin manta gidan da kika fito," ta ce. "Mu teku ta taɓa cin namu."

A nan ne gizo ke saƙar, kuma dole in yi muku bayani. Gidanmu gidan malamai ne. A shekarun da Nasara suka shigo ƙasar nan, kakan Inna ya kwashi iyalinsa da wasu 'yan'uwa suka nufi gabas a ƙafa, da jakuna, don sauke farali. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo. Labari ɗaya ne ya rage a bakin mutane daga wannan doguwar tafiya: wai a Bahar Maliya ƙaninsa ya sunkuya daga jirgi zai ɗebi ruwan alwala, wani kifi ya fizge shi, ko hularsa ba a samu ba. Da labarin nan aka yaye mu. Da shi ake hana mu zuwa kogi. Bidiyon Yaya bai kawo wa Inna sabon tsoro ba, tsohon ya tayar.

Akwai kuma wata al'ada a gidan. Duk ranar Arfa, Kawu Malam, yayan Inna, yakan fito da wata tsohuwar takarda daga gafakar kakan, ya karanta sunayen waɗanda ba su dawo ba, a yi musu addu'a. Maza a zaure, mu mata muna amsa amin daga bayan katanga. Na taɓa ganin takardar sau ɗaya ina budurwa, na kuma lura kowane suna akwai ƙananan rubutu a gefensa da ba a taɓa karanta mana ba. Na tashi na leƙa zaure na gaishe da Kawu, na roƙe shi ya shigo da ita.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ai ba ranarta ba ce."

"Allah gafarta Malam, na gefen nake so a karanta mana. Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya shigo da gafakar, ya zauna a kan buzu, ya saƙala tabaransa mai ɗaurin zare. Takardar ta yi ja, gefenta ya cinye, rubutun ajami ne da tawadar da ta koɗe. Suna tara ne. Ya bi su a hankali da yatsa. Wane, zazzaɓi, kwana uku, an binne shi a gindin tsamiya. Wane, zazzaɓi. Wance, 'yar shekara biyu, gudawa. Wane, ƙishirwa, rijiyar da suka dogara da ita sun tarar ta ƙafe. Haka ya yi ta bi. Huɗu zazzaɓi, biyu ciwon ciki, ɗaya ƙishirwa. Na takwas shi ne mai alwala, kalma uku kacal aka rubuta masa. Da ya zo na tara sai muryarsa ta sauka.

"Wannan matar kakanmu ce ta fari. Wurin haihuwa, a hanya, babu mace ko ɗaya kusa da ta san abin yi. Ita da abin cikin." Ya ɗago ya dubi Inna. "Sunanta aka sa miki."

Inna ta ajiye faifan waken. Shekara kusan saba'in tana amsa sunan baiwar Allahn nan, tana cewa amin duk ranar Arfa, ba wanda ya taɓa gaya mata yadda ta rasu. Amma kifi, har faɗin bakinsa an kwatanta mata. Ni kam hawaye ne suka zubo min, na takaici. Mutum takwas sun tafi a hanyoyin da har gobe suke ɗaukar mana mutane, an bar su a gefen takarda cikin ƙananan rubutu, don mutuwarsu ba ta da daɗin ba da labari.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san uwata ba. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Na ji. Ɗaya ne cikin tara. Shi ɗayan ba uwa ce ta haife shi ba?"

Kawu ya naɗe takardarsa ya koma zaure. Yaya ta shiga madafa ta kama tuƙin tuwo don ta ɓoye fuskarta.

Bayan azahar Auta ya yi sallama. A ƙafa ya zo, cikin wata babbar riga ta Kawu, da zafin nan. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe da Inna, ya gaishe mu, yana ta murmushin da bai kai ido ba. Kwana biyu ke nan bai kwana a gida ba, wai aiki ya riƙe shi a Ringim. Yaya ta zubo masa tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, abin da ya fi so a duniya, ta ajiye masa a ƙofar ɗakin Inna inda ya saba zama. Ya ce a ba shi cokali. Yaya ta ce, "Iye, ba a je Ikko ba har an fara cin tuwo da cokali?" Ya yi dariya, ya juya mana baya kaɗan, ya fara ci.

Inna ce ta gani. Uwar da ta yi shekaru tana buge hannun yara a bakin akushi ba za a ɓoye mata wannan ba.

"Kai! Da wane hannu kake ci?"

Ya tsaya cak, cokali a hagu.

"Tun kana rarrafe na raba ka da hagu. Yau a gabana? Mayar da shi dama."

Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Ya ɗago hannun daman bai kai ko tsayin kwanon ba, fuskarsa ta yamutse, cokalin ya faɗi. Inna ta miƙe da saurin da na daɗe ban ga ta yi ba, ta yaye rigar. Kafaɗar a ɗaure take da karare da tsumma, ɗorin gargajiya. Daga gwiwar hannu zuwa haƙarƙari fata ta saluɓe, an shafa wani baƙin magani, ƙuda na bi.

A hankali maganar ta fito. Ranar Alhamis ne, wata tifa ta matse shi a kwana, ya faɗa rami. Direban ko tsayawa bai yi ba. Kuma ba shi ne na farko ba, na uku ke nan. Na farko ya ce mata ƙwallo ya buga ya gurɗe. Na biyu ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ɗakin abokinsa.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, saniyarki kika sayar."

Ni na san abin da ke yawo a zuciyar Inna, don ni ma shi ke tawa. Bara abokin Auta da suke tsayawa a inuwa ɗaya, mota ta bi ta kansa a hanyar nan. Inna da kanta ta je gaisuwa, ta dawo ta ce kwana ne ya ƙare, washegari kuma ta ɗumama wa Auta tuwo ya hau babur ya fita. Ba don ba ta son sa ba. Don babu wanda ya ɗauki hoton wancan yaron ya sa masa kiɗa ya turo mata. An rufe shi da buhu a gefen titi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, motoci suka ci gaba da wucewa.

Inna ta nufi randa. Ta ɗebo ruwa ta wanke hannunta, ta zauna a gabansa, ta gutsuro tuwo ta miƙa masa a baki. Namiji mai gemu, ya buɗe baki yana hawaye ya karɓa. Da ya ƙoshi ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Mukullin." Ya laluba aljihu da hagu ya ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, inda take ƙulle goro.

Da yamma muka matsa sai da aka kai shi asibiti a Ringim aka duba kafaɗar. Alhamdulillahi ba karaya ba ce, gocewa ce, kuma mai ɗorin ya mayar da ita daidai. Aka wanke ciwon, aka ce ya huta wa hannun. Ya kira mutanen Ikko ya gaya musu gaskiya, suka ce ya zo a kan lokaci, makonnin farko duk na koyo ne.

Washegari da safe, bayan mun karya da koko da ƙosai, Inna ta sa aka kira shi, aka kira Kawu. Ta ce ya matso. Ta ɗora hannu a kansa ta daɗe tana addu'a, muna amsawa. Sannan ta ce, "Ka je. Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Amma ka ji ni da kyau: alwala a buta za ka riƙa yi. Kada in ji ka sunkuya wa ruwan nan."

"To, Inna."

"Ko hularka ce ta faɗa, ka bar musu."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ta juya wajensa ta ce bana in Allah Ya kai mu Arfa, a karanta takardar duka, har na gefen, kuma a ɗaga murya mata su ji. Sannan ta ɗage faifai daga kan wayar, ta tura ta gaban Yaya da ɗan yatsa. Inna ba ta kama sunan Yaya, 'yar fari ce.

"Ke, waccan. Ke kika sa min shi, zo ki fitar min da shi."

Yaya ta goge bidiyon. Ta goge na wayarta ma ba wanda ya ce ta yi.

Da za mu dawo na ƙi shiga kwalekwalen farko, na zauna a bakin ruwa sai da aka yi sawu mai sauƙin kaya. A tashar Ringim na zaɓi motar da bel ɗinta ke aiki, na biya kujerar gaba ni kaɗai, na ja shi na ɗaure. Direban ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai in kwana ya ƙare ya ƙare." Na ce, "Haka ne, ɗana. Amma na ga kai ma da ka je cin abinci sai da ka kulle motarka." Sai da muka kai Gujungu ya tambaye ni ko ni malamar makaranta ce.

La'asar sakaliya muka shigo Dutse. Ina buɗe ƙofar gidana abin da idona ya fara sauka a kai shi ne rijiyarmu. Shekara biyu ke nan murfinta ya karye, muka ɗora tsohon kwano muka danne da dutse, kullum muna cewa za a gyara. 'Yata ta ƙarshe tana zaune taku biyar daga wurin tana wasa da murfin kwalba. Na je har hayin kogi ina jin haushin rediyo da direba da yayata, ga nawa kifin a tsakar gidana, baki buɗe. Ban cire mayafi ba sai da na sa maigida ya kira mai walda. Gidan sauron da aka ba mu tun bara kuma na zaro shi daga ƙasan akwati a ledarsa.

Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan, 'yan'uwa. Tsoronmu ba ya bin abin da ya fi kusa da kashe mu, yana bin abin da aka fi nuna mana. Wanda muke kwana da shi muke tashi da shi mun saba da fuskarsa har mun daina ganinsa. Ban ce kada a ji tausayin Baturen nan ba, ɗan wani ne shi ma, Allah Ya ba shi lafiya. Amma kafin yatsanki ya danna tura wani abin firgici, ki tuna akwai wata tsohuwa a ƙarshen layin da za ta gaskata, kuma wani zai iya rasa abincinsa a kai. In hattara kike so a yi, leƙa tsakar gidanki tukuna.

Auta ya sauka Ikko ranar Laraba. Ya kira Inna ta bidiyo ya nuna mata teku daga nesa, ta ce ya isa haka, ya matsa baya. Ta tambaye shi ko ya ga kifin. Ya ce ya ga guda ɗaya, a cikin miya. Babur ɗin yana jingine a zauren Kawu an lulluɓe shi da tabarma, masu saye har sun fara zuwa. Inna ta ce a sayar, amma a nemi wani mukullin. Wancan yana bakin zanenta, ta ce ba mai kwance shi.